Da Hannun Hagu

Na shiga Katako da jika takwas ƙulle a bakin zane,
na ratsa masu katako, na wuce masu tsoffin tayoyi,
har rumfar Illiya ɗan Madawa,
inda sandunan fatsa ke jingine kamar rake.

Ya dube ni, ya leƙa bayana ko da namiji tafe.
Na ce, ni ce. Sandar karfasa nake so.

Ya zaro wata baƙa, ƴar ƙasar Sin,
mai shigewa cikin kanta kamar wuyan kunkuru,
gaɓa bakwai, faifan naɗe zare na ƙyalli.
Ya ce, wannan ko giwan ruwa ya haɗiye,
sai ta kawo shi tudu yana numfarfashi.

Na karɓa da hagu.
Ya ce, da dama ake riƙo, ƴar'uwa.
Na ce, damar da za ta riƙe
ta kwanta tun azumin bara, ba ta tashi ba.
Sai ya yi shiru, ya ture mini kujera da ƙafa.

Abarshi, ubana, ya sha gaya mini
tun ina bin sa da gwangwanin tana:
karfasa ba ta wawura,
ba tarwaɗa ba ce mai haɗama.
Takan zo ta shinshina, ta taɓa koto da leɓe,
ta koma ta yi shawara da ƴan'uwanta.
Sandar kirki, in ji shi, ƴar tsegumi ce,
kanta ya ɗan rusuna, ta raɗa maka a tafi.

To amma hagun da ya rage masa rawa yake yi.
Na ɗaga siririyar, na kwaikwayi rawar,
kanta ya kama kaɗawa kamar jelar ɗan akuya.
Wannan za ta yi masa ƙarya sau ɗari kafin la'asar.
Na ɗaga mai kauri.
Kafin in ƙirga hamsin, wuyan hannuna ya yi tsami,
ni da nake da lafiya.

Illiya ya duƙa ƙarƙashin tebur
ya jawo gora, launin zuma, hayaƙi ya dafa ta,
ƙura ta rufe ta don ba mai tayawa.
Gindinta da nauyi, tsininta da kunya.
Ya ce, a dafa ta kan cinya, ita za ta riƙe kanta.
Ya yanko robar taya ya naɗe mariƙin,
naɗi bisa naɗi, yana ja da haƙori,
don kada ta suɓuce wa yatsun da ba su damƙa.
Jika biyu. Ƙugiya uku da totuwa, gyara.

Da yamma muka gangara Gamkalle,
ƙasan garakan salati, inda ruwa ke lafawa.
Saini Basarke yana ɗinkin koma cikin jirgi,
ya ga gorar, ya yi dariya har ya tuntsure.
Baba bai kula shi ba.
Ya auna ta, ya karkata ta, ya shinshini robar.
Da bakinsa da ya karkace ya ce,
an cuce ki, jika ɗaya ce.

Ni na soka tanar, ni na jefa.
Ya dafa gorar kan cinya, ya ɗora yatsa kan zare.
Motoci na tsallaka gada da fitilu,
sauro ya fara kiɗa,
hannun yana rawarsa, totuwar na ɗan amsawa.

Can na ga ya rufe ido.
Na ce ko barci ne, na miƙa hannu in karɓa.
Ya buge ni da gwiwa.
Ya ce, shiii,
tana shawara.